KARATUN ƊAN TALAKA: DAGA RUMBUN WA ZAI FITO?

Bayan an kammala girbi, matasan garin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, tare da wasu 'yan uwa da suka zo daga Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi, sun yi wani zama bayan sallar La'asar a kan halin da ɗalibai 'ya'yan talakawa suke ciki. Wani malami daga cikin malaman yankin ne ya yi jawabi a wajen. Ga abin da jawabin nasa ya ƙunsa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara ne da tambaya. Ya ce duk wanda ya san wani yaro da ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma yanzu haka yana Legas ko Ibadan ko Fatakwal yana tura baro ko ga-ruwa saboda an rasa abin da za a kai shi gaba da shi, to ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Sai ya ce, to wanda kuma shi kansa ne yaron fa? Nan wuri ya yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai. Malam ya ce ba don ya kunyata kowa ya yi tambayar ba, ya yi ne don a san cewa maganar da za a yi ba ta wasu mutane ba ce can, ta waɗanda ke zaune a kan tabarmin nan ce da ƙannensu.

Ya ce abin takaicin shi ne, sau da yawa abin da ke tsayar da yaro ba wani babban kuɗi ba ne. A shekarar 2025 kuɗin rajistar jarrabawar JAMB naira 7,200 ne ga wanda ba zai yi ta gwaji ba. A kan wannan sai a ɗora kuɗin mota zuwa inda za a yi rajistar, a sake ɗora na komawa ranar jarrabawa, da abin da zai ci, da inda zai kwana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin mota zuwa Sakkwato ya koma. To idan Allah Ya sa ya ci, ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko kwalejin Umaru Ali Shinkafi, sai kuma a shiga maganar kuɗin rajista, da ɗaki, da takardu, da abinci na wata huɗu. Uba manomi ya duba rumbu, ya duba bakunan da ke gidan, ya ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo, yaro ya riga ya ɗanɗana kuɗin ci-rani, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifar uwarsa, gara na jiransu.

Daga nan sai Malam ya ce yana so ya gyara wani kuskure da ya zauna a zukatan matasa, wato ɗaukar da ake yi cewa tallafin karatu abu ne da ke saukowa daga sama, daga gwamna ko ɗan majalisa ko wata ƙungiya ta Turawa. Ya ce tun asali a ƙasar nan, karatun ɗan talaka daga rumbun talaka yake fitowa. Abin da kawai ke canjawa daga zamani zuwa zamani shi ne, shin da saninsa da yardarsa ake ɗiba, kuma shin yana da ta cewa a kan wanda za a koyar.

Ya ce a duba makarantar allo yadda iyaye da kakanni suka san ta, kafin ta lalace ta koma abin da ake gani a tashoshin mota. Malami zai sauka a gari da almajiransa, mai gari ya ba shi masauki, a yanka masa gona. Kowane gida ya san akwai ƙwaryar almajiri a cikin tuwon dare. Akwai kuɗin Laraba, akwai uwar ɗaki da ke riƙe yaro kamar ɗan cikinta, tana ba shi abinci da sabulu yana yi mata aike. A kaka a fitar da zakka a kai wa malam nasa rabon. Babu wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, babu ofishi, amma da shi aka yaye alarammomi da alƙalai da limamai shekaru aru-aru. Mene ne sunan wannan, in ji Malam, in ba tallafin karatu na al'umma ba?

Ya tunatar da su cewa ƙasar da suke takawa ba baƙuwar ilimi ba ce. A Sifawa, nan kan hanyar Sakkwato, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Tambuwal kuwa ɗan Shehu ne, Muhammadu Buhari, ya zauna ta. Ɗaliban da suka riƙa cika waɗannan wurare ba iska suke ci ba, jama'a ce ke ciyar da su. Haka nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar a garuruwansu, suna tafe da ɗan abin da suka tara na hatsi da zuma da man shanu da ƙyalle. Kuma tun kafin wannan da ɗaruruwan shekaru, a wajajen 1240 da ɗoriya, mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar saboda ɗalibai da alhazansu, suka kuma ci gaba da aika mata da kuɗi. Mutanen da ke ratsa hamada a kan raƙumi, in ji Malam, sun iya riƙe makaranta a Masar, yau ga mota ga waya an kasa riƙe yaro ɗaya a Sakkwato.

Sai ya gangaro zamanin Turawa, inda ya ce a nan ne yake so matasa su buɗe kunnuwansu da kyau. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, an kafa baitulmalin En'e, kuma daga cikinsa ake biyan makarantun elamantare da midil, a ciyar da ɗalibai, a ɗinka musu tufafi. A makarantar elamantare ta Dogon Daji, maƙwabciyarsu, Ibrahim Dasuƙi ya fara karatu, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996, kuma En'e ta Sakkwato ce ta ɗauki nauyinsa zuwa kwalejin Kaduna da daga baya aka sani da Barewa. A wannan makaranta ta Dogon Daji Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Shehu Shagari ya yi elamantare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce kwalejin Kaduna, ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983.

Malam ya ce ana yawan faɗin cewa waɗannan bayin Allah kyauta suka yi karatu. Ya ce wannan magana ba daidai ba ce. Iyayensu ne ba su biya ba, amma an biya. Haraji da jangali ne suka cika baitulmalin, wato guminsu kakannin waɗanda ke zaune a wajen, waɗanda wani ya sayar da akuya, wani ya sayar da damman geronsa, wani ya gudu ya bar garin don ya kasa biya. An karɓa ne ko suna so ko ba sa so, kuma ba a shawarce su a kan ɗan wa za a kai makaranta ba. Ya ƙara da cewa, don a yi adalci, da yawa daga iyayen lokacin ɓoye 'ya'yansu suke yi kada a kai su boko, don haka ba duka laifin masu zaɓe ba ne. Amma dai abin lura shi ne aljihun talaka ya taɓa yaye Sarkin Musulmi da babban alƙali da shugaban ƙasa a ɗan wannan yanki kaɗai. Saboda haka kada wani ya ce wa matasa ƙarfin talaka bai kai ba.

Ya ce misalin da ya fi kusa da abin da ake son yi shi ne na shi Shagarin kansa. Bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida, a 1967 ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, asusun da aka tara da gudummawar jama'a, wanda da shi aka gina makarantun firamare sama da 100 da wasu na sakandare, alhali ƙasar tana cikin yaƙin basasa. Sannan ya kawo misalin mutanen Ibibiyo da ke Jihar Akwa Ibom ta yanzu, waɗanda ƙungiyarsu ta yi karo-karo a 1938 ta tura samarinta shida karatu ƙasashen waje. Ɗaya daga cikinsu, Udo Udoma, ya karanta shari'a, ya zama babban jojin ƙasar Yuganda, ya zauna a kotun ƙoli ta Nijeriya, kuma shi ya shugabanci majalisar da ta tsara tsarin mulkin da aka zaɓi Shagari a ƙarƙashinsa. Malam ya ce manoman manja da 'yan tireda ne suka haɗa kwabo da sule aka yi wannan, kuma ba laifi ba ne Musulmi ya ga abu mai kyau a wajen maƙwabcinsa ya koya.

Game da abin da ke akwai a yau, Malam ya ce ba zai ce ba a yi komai ba, don faɗin haka ƙarya ne. A ƙarshen 2015 gwamnatin Jihar Sakkwato, a lokacin Aminu Waziri Tambuwal, ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka yi kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka riƙa cirar wani abu daga albashin ma'aikata don aikin makarantu. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, mai kwamitoci a gundumomi, wadda ke taimaka wa marayu da mabuƙata. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance da ake kira NELFUND, wanda ba ruwa a cikinsa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta a kuma ba shi ɗan na kashewa, sai shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa a fara cira daga abin da yake samu. Ya ce duk ɗalibin da ya cancanta ya nema, kada ya tsaya jin kunya ko jita-jita. Amma ya ce a lura, wannan rance na wanda ya riga ya samu gurbi ne a babbar makarantar gwamnati. Yaron da ya kasa sayen fam, ko wanda ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, bai ma kai ƙofar da ake rabon ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, to ruwan cikin ne ya kamata gari ya samar.

Da ya zo kan tallafin 'yan siyasa sai ya yi murmushi. Ya ce wanda ya ba da don Allah, Allah Ya saka masa. Sai dai kowa ya ga yadda abin ke yawaita idan zaɓe ya matso, a tara yara a rana, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan, sannan a yi ɗif har shekara huɗu, alhali karatun digiri ɗin ma shekara huɗu ne kuma kowace shekara sai an biya. Kuma sunan da ke shiga takardar, sau da yawa, sunan ɗan wanda ya yi wa jam'iyya wahala ne. Ɗan gidan da ba su iya fadanci ba sai dai ya ji labari.

To mene ne abin yi? Malam ya ce a yi lissafi a fili, kowa ya bi shi da yatsunsa. A ɗauka gidaje 500 ne kacal suka amsa kira a Jabo da ƙauyukanta, kowane gida ya ba da tiya 4 ta gero ko dawa ko shinkafa a kaka. Tiya 2,000 ke nan, wato buhu 50 idan aka yi lissafin tiya 40 a buhu. A ɗauka kuma matasa 200, na gida da na ci-rani, kowa ya ɗauki alkawarin naira 500 a mako, abin da bai kai kuɗin katin da wasu ke ƙonawa a waya a kwana biyu ba. A shekara naira miliyan 5 da dubu 200 ke nan. Fam ɗin JAMB na yara 100 a farashin 2025 naira 720,000 ne. Ya ce su da kansu su cire su ga abin da ya rage na rajista da kuɗin mota da kayan aiki. Hatsin kuwa ba sai an sayar da shi duka ba, don ɗalibin da ke Sakkwato yunwa ce ke fara koro shi kafin kuɗin makaranta. Rabin buhu da ɗan manja da kuka a farkon zango ya fi masa ambulan ɗin da zai ƙare a mako guda.

A nan sai ya tsaya ya yi bayani a kan zakka, don ya ce ya san za a tambaya. Zakkar hatsi tana wajaba idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, a fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da inji ko wahala aka yi ban ruwa. Ɗalibi matalauci ya cancanci zakka saboda talaucinsa, a ba shi ta zama tasa. Amma ya ce bai ga dacewar a zuba zakka cikin asusu ɗaya da sauran kuɗi ana sayen littafin rasit da biyan kuɗin motar kwamiti da ita ba, don tana da masu ita da shari'a ta ƙayyade. A ware mata littafinta daban. Sannan ya juya ga manoman albasa, ya ce ya san suna cewa a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan albasa da sauran kayan lambu, kuma gaskiya ne, sai dai a kan kuɗinta idan ya kai nisabi ya kuma shekara. To amma sadaka ba ta da nisabi. Wanda ya loda mota ya aika Kudu, buhu ɗaya ba zai karya shi ba. Aka yi dariya, don an san waɗanda ake nufi.

Ya ce abin da zai sa asusu ya daɗe bayan masu kafa shi sun mutu shi ne waƙafi: gona, ko shago a kasuwa, ko injin niƙa, ko lambun mangwaro, a tsayar da asalin, a riƙa ciyar da ɗalibai da amfanin. Amma a rubuta, a sa shaidu, a sanar da hakimi da Hukumar Zakka da Waƙafi, saboda magada ba duka ke jin maganar mamaci ba.

Wajen da Malam ya fi daɗewa a kai shi ne amana. Ya ce tara kuɗi ba shi ne wahala ba, Bahaushe ba ya rowa idan ya yarda da abu. A ranar biki ko gayya ko jana'iza kowa na ganin yadda hannu ke buɗewa. Abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne ranar da mai ba da tiya huɗu ya fara zargin cewa tiyarsa ta tafi wani wuri. Ya ba da labarin wani gari da ya ce ba zai kama suna ba, inda aka kafa ƙungiya irin wannan da kyakkyawar niyya, shekarar farko aka biya wa yara jarrabawa, kowa na sa albarka. A shekara ta biyu sai ma'ajin, mutumin kirki ne kuma mai sallah a sahun farko, ya ga kuɗi na kwance, ya ce bari ya juya su a albasa kafin lokacin biya ya zo, ribar ma ta ƙungiya ce. Bai gaya wa kowa ba. Albasa ta ruɓe a rumfa. Lokacin rajista ya zo ba kuɗi, aka shiga rufa-rufa don kada a tozarta dattijo, yara suka rasa shekarar. Yau a garin nan idan ka ce a kawo karo-karon ilimi sai a dube ka a yi tsaki. Malam ya ce mutumin ba ɓarawo ba ne, tsarin ne ya bar shi shi kaɗai da kuɗi da Shaiɗan.

Saboda haka ya ce kada a dogara da cewa wane mai tsoron Allah ne. A taimake shi a kan tsoron Allahn. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe mabuɗin rumbu daban, kuɗi kuma a banki da sa hannun mutum uku, kada a kwana da su a gidan kowa. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a kawo rasit. Sannan duk bayan wata uku a tashi a masallacin Juma'a a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan kowane ɗalibi da abin da aka kashe masa, ko da mutane sun ƙosa. Ya ce wanda ya ji haushi don an nemi ya karanta lissafi, to tun nan a karɓe littafin daga hannunsa. Idan kuma ana maganar ɗan wani ɗan kwamiti ko ƙanensa, ya tashi ya ba da wuri har a gama. Ɗan siyasa ko attajiri da ya kawo gudummawa a karɓa a yi masa addu'a, amma ba a sa hotonsa, ba ya kuma kawo sunaye.

Da ya zo kan waɗanda za a ɗauka, Malam ya ce a nan ma akwai son zuciyar da ya kamata a yaƙa, wato ganin cewa jami'a kaɗai ce karatu. Ya ce gari ya fara duba ciwonsa tukuna. Injin ban ruwa nawa ne ke kwance a fadama saboda sai an kai shi wani gari gyara? Fitilun sola nawa aka kafa suka mutu babu mai taɓa su? Yaron da za a kai wajen bakanike ko mai walda ko tela ko kafinta shi ma ɗalibi ne, yana buƙatar abin da za a kai wa maigidansa, da abinci, da kuma, mafi muhimmanci, kayan aiki ranar da aka yaye shi. Da yawa sun koyi ɗinki sun ƙware, rashin keke ya mai da su 'yan dako. Haka nan gari na buƙatar malamin lissafi da na kimiyya ɗan gari wanda ba zai nemi canjin wurin aiki bayan wata shida ba, da malamin Islamiyya da ya san rabon gado da gaske, da limamin da zai gaji na yanzu.

Ya ce a daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami suka faɗo a gona a gefen Jabo, Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, sunan garin ya shiga gidajen rediyon duniya cikin dare ɗaya. Irin wannan rana ce ke nuna wa gari amfanin samun 'ya'yansa da za su tsaya su yi magana da hukuma da 'yan jarida, su rubuta, su bi kadi, su faɗi gaskiyar garinsu kafin wani ya faɗa musu ita. Shugabanni irin waɗannan ba tsirowa suke yi kamar tafasa ba, renonsu ake yi.

Sai ya dubi matasan ya ce akwai maganar da ya san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, maganar ƙannensu mata. Ya ce saurayi ne zai kai matarsa asibiti tana naƙuda, ya tarar ba ma'aikaciya mace, ya fito yana huci yana cewa an keta haddin addini, alhali shi ne ya tsaya kai da fata aka cire ƙanwarsa daga aji biyar. Ga kwalejin koyon aikin jinya nan a Tambuwal, ga ta kiwon lafiya a Gwadabawa. Ungozomar da ake nema daga wane gida za ta fito? Ya ce a ware kaso na 'yan mata tun daga farko a rubuta shi, don idan aka bar shi sai an ga abin da ya rage, ba abin da zai rage. Wadda aka yi wa aure kuma a zauna da mijinta a yi magana ta fahimta.

A kan waɗanda za a ɗauki nauyinsu kuwa, ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba bashi ba ne da za a kai mutum kotu a kansa, amma alkawari ne da za a ɗauka a gaban iyaye da liman: duk hutu ya shiga firamare ko sakandaren garin ya koyar, ya shirya na bayansa don jarrabawa, ranar da ya samu aiki kuma ya ɗauki nauyin yaro ɗaya wanda ba ɗan gidansu ba. Ya ce ba a ce kowa sai ya dawo ya zauna a Jabo ba, wani amfaninsa ga garin yana can inda yake. Abin da ba a so shi ne irin waɗanda gari ya yi wa komai, yanzu ba a ganinsu sai ranar Sallah ko ta'aziyya, gilashin mota a rufe.

Bayan jawabin an ba da damar tambayoyi. Wani matashi ya tashi ya ce, Allah shi gafarta Malam, shin wannan ba sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta ba ne, alhali dukiyar ƙasa na hannunta? Malam ya ce tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙin na nan a wuyan masu mulki, ba abin da ya sauke shi, a ci gaba da nema da baki da alƙalami. Amma ya ce wa matashin, ɗana, yaron da ke da shekara 18 yau ba zai tsaya a 18 yana jiran a gyara Nijeriya ba. Kuma garin da ke da littafin da ya nuna yara kaza ya koyar da guminsa, idan ya je gaban hukuma neman malamai ko gyaran aji, muryarsa ba ɗaya take da ta wanda ya je hannu rabbana ba.

Wani kuma ya tambaya, idan aka kashe wa yaro kuɗi ya faɗi jarrabawa fa? Malam ya ce a duba dalili. Wanda ciwo ko yunwa ta kayar a sake ba shi dama, wanda wasa ya kayar a gaya masa gaskiya a juya shi wajen sana'a, kada a kore shi kuma kada a yi ta zuba ruwa a kwando.

Kafin a tashi an amince matasa uku-uku daga kowace unguwa su bi gida-gida su rubuto sunayen waɗanda suka gama sakandare suke zaune, da waɗanda ke koyon sana'a, maza da mata, a kawo kafin a fara sayar da fam na shekara mai zuwa. Maganar wanda zai riƙe rumbu an bar ta sai an zauna da dattawa. Ana shirin yin addu'a sai wani tsoho da ke zaune a gefe tun farko bai ce uffan ba ya ɗaga sandarsa ya ce a rubuta masa tiya huɗu ta gero, ya ƙara da cewa ta baɗi kuma sai ya ji an karanta lissafin ta bana da kunnensa. Malam ya ce a rubuta sunan Baba a layin farko, da sharaɗin nasa. Daga nan ladan ya kira sallar Magariba.